Tarihin Giranait na Bakin Nahiya: Daga Gardamar Ruwa da Wuta Zuwa Tsaunukan Andis

Giranait dutse ne da ya daskare a can cikin ƙasa daga narkakken dutse, a hankali ƙwarai, har ƙwayoyinsa suka samu sukunin girma yadda ido zai iya rarrabe su. Wanda ya fasa shi ya duba sabon tsagin zai ga abu uku a cuɗe: ƙwayoyi masu ɗaukar ido kamar fasasshen gilashi, su ne kwats, farare ko masu ruwan hoda da ke da kusurwoyi, su ne felsfa, sai baƙin ɗigo-ɗigo na maika ko honbilen a tsakaninsu. Daga nan ma sunan ya fito, domin asalinsa kalmar Latin ce mai nufin ƙwayar hatsi. Idan aka niƙa shi aka auna, silika takan kai kashi 70 cikin 100 na nauyinsa, alhali basalti, baƙin dutsen nan da ya shimfiɗe ƙasan tekuna, nasa kashi 50 ne ko da 'yan kai. Yana da 'yan'uwa na kusa da ake haɗa su da shi a magana: giranodiyorait, wanda felsfarsa mai fotasiyam ta ragu, da tonalait, wanda kusan babu ita a cikinsa, sunansa kuwa ya fito ne daga mashigar Tonale da ke tsaunukan arewacin Italiya.

Wasu daga cikin mafiya girman tarin waɗannan duwatsu suna bakin nahiyoyi ne, inda duwatsu masu aman wuta suka jeru kamar baka suna fuskantar teku. Gefen yammacin nahiyoyin Amurka, daga Alaska har Fatagoniya, kusan duk a jere yake da su. Masana na kiran irin wannan tari batolit. Gano abin da ya haɗa giranait da aman wuta da bakin teku ya ci kusan shekara 200, kuma da gardama aka fara.

A ƙarshen ƙarni na 18, malamin da maganarsa ta fi nauyi a kan duwatsu a Turai shi ne Abraham Gottlob Werner, wanda ya koyar a makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a Jamus daga 1775 har rasuwarsa a 1817. Karatunsa shi ne, a farkon duniya wata teku ce ta lulluɓe ko'ina, duwatsu kuma daga cikinta suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda gishiri ke kwantawa idan ruwa ya ƙafe. Giranait ne ya fara kwantawa, in ji shi, shi ya sa ake tarar da shi a ƙarƙashin saura. Aman wuta kuwa bai ɗauke shi a bakin komai ba, ya ce kwal ne ke ci a ƙarƙashin ƙasa. Werner gwanin koyarwa ne, ɗalibai na zuwa masa daga ƙasashe da dama, amma bai yi doguwar tafiya ba. Duwatsun yankin Saksoni ya sani, da su ya auna duniya duka.

Can a Sikotlan kuwa, James Hutton, wanda ya karanci likitanci ya koma noma da nazarin ƙasa, ya tafi a kan cewa zafin cikin ƙasa ne ke narkar da dutse ya cusa shi cikin wasu duwatsun. In haka ne, tilas a samu wurin da giranait ya kutsa cikin dutsen da ya riga shi. A 1785 ya je kwarin Glen Tilt neman irin wannan wuri, ya kuma same shi a gindin kogi. Jan giranait ya ratsa baƙin dutse mai hawa-hawa, ya yi rassa kamar jijiya, ya bi kowane tsagi, har ya ɓamɓaro gutsattsarin baƙin dutsen ya haɗiye su. Abokinsa John Playfair ya ruwaito cewa murnar da Hutton ya yi ta sa 'yan rakiyarsa suka zaci zinariya ko azurfa ya gano. Abin da ya gani ya yanke magana biyu lokaci guda: abin da ya bi tsagi ruwa-ruwa yake sa'ad da ya shiga, kuma abin da ya ratsa wani a bayansa ya zo. Ke nan giranait ya sauka daga matsayin farkon duwatsu. Har yau ba a samu hujjar da ta fi wannan sauƙi da ƙarfi ba a fannin, ɗalibi ma da ita yake fara aiki a fili.

Manyan ɗaliban Werner su da kansu suka bar karatun malaminsu da suka yi tafiya. Leopold von Buch ya ga tsofaffin duwatsun aman wuta na Faransa da masu rai na Italiya, Alexander von Humboldt kuma ya ratsa Andis a 1801 da 1802. Von Buch ne ya raɗa wa dutsen da aman wutar can ke fitarwa suna andisait a shekarun 1830, dutse mai silika kusan kashi 60, tsaka-tsaki tsakanin basalti da giranait. Charles Darwin yana Cile a 1835: ya ga dutsen Osorno na aman wuta a Janairu, girgizar ƙasar 20 ga Fabrairu ta same shi kusa da Baldibiya, a Maris kuma ya haye tsaunukan ya tarar da ƙwanson halittun teku can a ƙololuwa. Ya kammala da cewa girgiza da aman wuta da tashin tsaunuka duk tushensu ɗaya. Ya yi daidai, sai dai sanin wane tushe ne ya jira wasu shekaru 130.

A 1858 wani mutumin Sheffield a Ingila, Henry Clifton Sorby, ya dawo da ruwa cikin maganar ta wata ƙofa. Yakan goge dutse har ya yi sirantar da haske ke ratsa shi, ya ɗora a madubin ƙara girman abu. A cikin kwats na giranait ya ga ƙananan ramuka birjik, kowanne da ɗigon ruwa a kulle, da 'yar kumfa tana motsi a ciki. A ganinsa, ruwan nan tun ranar da ƙwayar ta daskare yake ciki. Sorby ya fahimci cewa giranait ya samu ne a zurfi, ƙarƙashin matsi mai tsanani, da zafi da ruwa tare. Mutanen zamaninsa ba su ba wannan gani haƙƙinsa ba, alhali mabuɗin al'amarin duka yana cikin ɗigon nan.

Da shigowar ƙarni na 20 tambayar ta koma: daga ina narkakken giranait ɗin yake zuwa? Norman Bowen, ɗan Kanada da ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen cibiyar Carnegie a Washinton, ya narkar da ma'adinai a tanderu yana lura da abin da ke fara daskarewa. Ya nuna cewa idan magmar basalti, wato narkakkensa, ta fara hucewa, ma'adinai masu ƙarfe da magnesiyam da kalsiyam ne ke fara yin ƙwaya. In suka kwanta ƙasa kamar gasara a ƙwarya, abin da ya rage a sama sai ya ƙara silika da sodiyam da fotasiyam. A ci gaba da tacewa haka, ƙarshenta giranait za a samu. Ya tattara wannan a littafinsa na 1928. Amma lissafi ya ƙi. Tatar basalti ba ta ba da giranait sama da kashi ɗaya cikin goma, to ina sauran kashi tara na baƙin dutsen da ya kamata a gani kusa da kowane batolit? Sannan ga matsalar wuri: dutse mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, ina ya kai abin da ya tarar a gurbin?

Waɗannan tambayoyi ne suka ba wani ɓangare ƙarfi, masu cewa giranait bai narke ba sam, tsofaffin duwatsu ne suka rikiɗe a inda suke, sinadarai na shiga suna fita. Sun kafa hujja da wasu duwatsu na Finlan da J. J. Sederholm ya kira migmatait a 1907, masu zane-zanen fari da baƙi a cakuɗe, waɗanda ba a iya cewa ga inda tsohon dutse ya ƙare ga inda giranait ya fara. Babban mai magana da yawunsu shi ne H. H. Read na Landan, wanda ya tara jawabansa cikin littafi a 1957, kuma ya yi adalcin yarda cewa giranait ba hanya ɗaya yake samuwa ba. An yi ta musayar zafafan kalamai tsakanin masu tanderu da masu yawon fili har shekara ashirin.

Gwaji ne ya raba gardamar. O. F. Tuttle ya ƙera wata tukunyar ƙarfe mai jure matsi da zafi, shi da Bowen suka riƙa narkar da haɗin kwats da felsfa iri biyu tare da ruwa. A bushe, haɗin ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 950 a ma'aunin Selshiyas. Da ruwa da matsi irin na zurfin kilomita goma sha wani abu, sai ya narke a kusan 650. Suka kuma gano cewa akwai wani haɗi guda, kusan kashi ɗaya cikin uku na kowanne, wanda shi ke fara narkewa in ana dumamawa, shi ke ƙarshen daskarewa in ana hucewa. Da suka ɗauko awon giranait sama da 500 daga sassan duniya suka jera, sai ga su sun taru cunkus a kan wannan haɗin. Babu dalilin da zai sa dutsen da bai taɓa narkewa ba ya zaɓi wannan ma'auni. An buga sakamakon a 1958, shekara biyu bayan rasuwar Bowen. Ya kuma buɗe wata ƙofa da ta rage nauyin matsalar lissafi: giranait na iya fitowa ta tace basalti, yana kuma iya fitowa ta narkar da wani sashe na ɓawon nahiya, duk wuri ɗaya za a ƙare.

Saura dalilin da ya sa abin ke faruwa a bakin nahiya. Alamu sun daɗe suna taruwa. Kiyoo Wadati a Japan ya nuna a 1935 cewa cibiyoyin girgizar ƙasa masu zurfi sun jeru ne a kan wani fage mai gangara daga ramin teku zuwa ƙarƙashin ƙasar, Hugo Benioff ya tabbatar da haka a wasu wuraren daga 1949, wasu cibiyoyin har zurfin kilomita 700. A 1959 James Moore ya ja layi a taswirar yammacin Amurka ta Arewa: yamma da layin, wajen teku, tonalait da danginsa sun fi yawa, gabas da shi, duwatsu masu yawan fotasiyam. A 1962 Robert Coats, da yake nazarin tsibiran Alushiya, ya ce ƙasan teku ne ke shigewa ƙarƙashin tsibiran da lakarsa da ruwansa. A 1967 William Dickinson da Trevor Hatherton suka nuna cewa fotasiyam ɗin da ke cikin andisait yana ƙaruwa daidai da zurfin fagen girgizar da ke ƙarƙashin dutsen. Da ilimin farantan ƙasa, wato fahimtar cewa ɓawon duniya farantai ne masu motsi, ya kafu a ƙarshen shekarun 1960, sai kowace alama ta samu gurbinta. Warren Hamilton ya faɗi abin a fili a 1969: batolit ɗin Siyera Nebada a Kalifoniya saiwar wani jerin aman wuta ne irin na Andis, wanda zaizaya ta cinye samansa.

Ga yadda abin yake a fahimtar yau. Ana haifar ɓawon teku ne a tsakiyar tekuna, inda basalti ke fitowa ya daskare. Yana tsagewa, ruwan teku na shiga tsagin yana dafa dutsen, har ma'adinansa su rikiɗe su kulle ruwa a jikinsu. Wani daga cikinsu, safentin, kusan kashi 13 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. A kan ɓawon kuma laka na taruwa shekara miliyoyi. Farantin Nazka, wanda ke ɗauke da irin wannan kaya, yana tunkarar Amurka ta Kudu da tafiyar santimita bakwai ko kusa da haka a shekara, ya nutse ta ramin da ke gaban Peru da Cile, mai zurfin kusan kilomita takwas. Yana sauka zafi da matsi na ƙaruwa, ma'adinan nan na farfashewa suna sakin ruwansu. Ruwan ya hau cikin mantil, wato kaurin dutse mai zafi da ke ƙarƙashin ɓawon nahiya. Mantil ɗin nan da zafinsa, amma a bushe ba zai narke ba. Ruwan ne ke sauke masa ma'aunin narkewa da ɗaruruwan digiri, kamar yadda 'yar kanwa ke sa wake ya nuna ba tare da an ƙara itace ba. Shi ya sa a yawancin duniya jerin aman wuta ke tsayawa daidai inda farantin da ya nutse ya kai zurfin kilomita 100 ko kusa da haka. Magmar da ke fitowa basalti ce mai ruwa wajen kashi huɗu cikin 100, alhali ta tsakiyar teku ba ta kai rabin kashi ɗaya ba.

Wannan ruwa ne ke rubuta sinadaran dutsen. Akwai sinadaran da ke bin ruwa cikin sauƙi: fotasiyam, rubidiyam, bariyam, sitrontiyam da dalma. Su ruwan ke kwasowa daga farantin, shi ya sa suka yi yawa a duwatsun bakin nahiya. Akwai kuma masu ƙin binsa, niyobiyam da tantalam da titaniyam, waɗanda ke maƙalewa a baya, shi ya sa suka yi ƙaranci. Yawan waɗancan tare da ƙarancin waɗannan shi ne tambarin da masani ke nema, kuma yana nan a jikin dutse ko bayan shekara miliyan dubu. A 1984 Julian Pearce da abokan aikinsa suka fitar da jadawalin da ke ware giranait ɗin bakan aman wuta daga saura ta awon rubidiyam da niyobiyam da itiriyam. Shaidar cewa laka ma na shiga cikin tukunyar ta zo ne daga wani nau'in beriliyam mai lamba 10, wanda a sararin sama yake samuwa, ya sauko da ruwan sama ya kwanta a ƙasan teku, rabinsa kuma yakan rikiɗe cikin shekara miliyan 1.4. An same shi cikin aman wasu duwatsun bakin teku. Ba shi da hanyar zuwa can sai ta nutsewa da dawowa.

Ruwa yana kuma canza tsarin daskarewa. A magma mai ruwa, felsfa takan yi jinkirin yin ƙwaya, honbilen da magnetait kuwa su yi sauri. Su biyun masu cin ƙarfe ne kuma silikarsu kaɗan ce, don haka suna fita sai ragowar ta ƙara silika ba tare da ta tara ƙarfe ba. Wannan hanya ce ke kaiwa daga basalti zuwa andisait, zuwa tonalait da giranodiyorait, har giranait. Magnetait ɗin kan sa dutsen ya ɗan ja maganaɗisu. Shunso Ishihara na Japan ya raba giranait gida biyu a kan haka a 1977, mai magnetait da marar shi, bambancin kuwa yawan oksijin ne a cikin magmar.

Ɗaya daga wuraren da aka fi ganin cikin batolit ƙuru-ƙuru shi ne gaɓar Peru. Hamada ce, babu ciyayin da za su rufe dutse, koguna kuma sun yanka kwazazzabai masu zurfin kilomitoci, har mutum ya tsaya a gindi ya ga bangon giranait da rufinsa na tsofaffin duwatsun aman wuta a sama. Daga tsakiyar shekarun 1960 Wallace Pitcher na Jami'ar Libaful da John Cobbing da abokan aikinsu suka shafe kusan shekara ashirin suna zana taswirarsa. Tsawonsa kusan kilomita 1,600, faɗinsa bai fi 60 da wani abu ba. Abin da ake ɗauka dutse ɗaya ne sai ya zama dunƙule kusan 1,000, kowanne da iyakarsa, sun shigo bi da bi daga kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce zuwa ƙasa da miliyan 40. Baƙin dutse gabro ne kan fara zuwa, tonalait da giranodiyorait su biyo su cika mafi yawan wurin, giranait na ainihi ya zo a ƙarshe kuma shi ne kaɗan. A wurare da dama sun ga yadda aka samu gurbi: rufin ya tsage a zagaye, wani ƙaton yanki ya nutse, magma ta hau ta cike inda ya bari. A jikin farin dutsen kuma akwai baƙaƙen curi masu santsin gefe, daga girman ƙwai zuwa girman tulu. Ɗigon basalti ne da ya faɗa cikin magmar giranait tun tana ruwa-ruwa, ya daskare kafin ya gauraya. Duk inda aka gan su, shaida ce cewa mantil na ta aiko da zafi da kaya har ƙarshen aikin.

A daidai wannan lokaci Bruce Chappell da Allan White, suna aiki a kudu maso gabashin Ostiraliya, suka fitar da rabon da ya bazu duniya a 1974. Wani giranait daga narkewar duwatsun da asalinsu magma ce ya fito, yana da honbilen da yawan sodiyam da kalsiyam, suka ba shi harafin I. Wani kuma daga narkewar laka da yumɓun da suka zama dutse, alminiyam ya yi masa yawa, yana da farar maika, suka ba shi S. Na bakin nahiya irin na Peru da Siyera Nebada, mafi yawansu na gidan I ne.

Sai tambayar da ta fi wuya: nawa ne sabon kaya daga mantil, nawa ne tsohon ɓawon da aka sake dafawa? Sitrontiyam ne ya ba da amsa. Rubidiyam mai lamba 87 yana rikiɗewa a hankali ya zama sitrontiyam 87. Tsohon ɓawon nahiya yana da rubidiyam da yawa kuma ya daɗe, don haka awon sitrontiyam 87 a kan 86 ya hau a cikinsa. Na mantil kuwa wajen 0.703 yake. A 1973 Ronald Kistler da Zell Peterman suka nuna cewa a Siyera Nebada awon na hawa daga yamma zuwa gabas, layin 0.706 kuma yana bin gefen tsohuwar nahiyar da ke binne a ƙasa. Yankin Lima na batolit ɗin Peru kuwa wajen 0.704 yake, kusan duk sabon kaya ne. A 1988 Wes Hildreth da Stephen Moorbath suka auna duwatsun aman wuta 15 a tsakiyar Cile, inda faranti ɗaya ne ke nutsewa a ƙarƙashinsu duka, amma kaurin ɓawon nahiya na ƙaruwa daga kusan kilomita 35 a kudu zuwa sama da 50 a arewa. Fotasiyam da rubidiyam da awon sitrontiyam duk sun bi kaurin ɓawon suka hau. Suka kammala da cewa basaltin mantil yakan tsaya a gindin ɓawo, ya narkar da abin da ke kewaye, ya haɗiye, ya zauna, ya gauraya, sannan abin da ya yi sauƙi ya tashi. A wannan murhu na ƙasa ne magma ke samun ɗanɗanonta. Bowen da masu narkar da ɓawo duk sun samu rabonsu a nan.

Zirkon ya gyara fahimtar lokaci. 'Yar ƙwaya ce da ba ta kai ƙwayar yashi ba, tana karɓar yuraniyam lokacin da take girma amma ba ta karɓar dalma, don haka duk dalmar da aka samu a cikinta daga rikiɗar yuraniyam ta fito, agogo ke nan. A gandun Yosemite akwai tarin Tuolumne, mai baƙi-baƙi a gefe, yana ƙara haske zuwa tsakiya, a wani sashensa har da felsfa masu tsawon yatsa ko fiye. An daɗe ana koyar da cewa tukunya ɗaya ce ta huce daga gefe zuwa ciki. A 2004 Drew Coleman da Walter Gray da Allen Glazner suka nuna cewa gefen ya kai shekara miliyan 95, tsakiyar kuwa wajen 85. Babu tukunyar magma a wannan zurfin da za ta zauna a narke shekara miliyan goma, da wuya ma ta kai miliyan ɗaya. Ashe kaɗan-kaɗan aka riƙa zubawa, wani na daskarewa wani na shigowa. Da haka matsalar wuri ta yi sauƙi sosai, tunda ba a taɓa buƙatar gurbin batolit duka a lokaci guda ba.

Sauran kashi tara ɗin da aka tambayi Bowen ma an ga inda suka shiga. Ragowar da tacewa ke bari a gindin ɓawo mai kauri takan zama dutse mai ma'adinin ganet, wanda ya fi mantil nauyi. A Siyera Nebada, aman wuta na wajen shekara miliyan goma da suka wuce ya ɗebo gutsattsarin irin wannan dutse daga zurfi, amma na shekara miliyan uku zuwa huɗu bai zo da su ba. Mihai Ducea da Jason Saleeby suka fassara haka da cewa saiwar ta ɓalle ta nutse a tsakanin lokutan biyu. Wannan na bayyana dalilin da ya sa ɓawon nahiyoyi ke da silika wajen kashi 60 duk da cewa basalti mantil ke bayarwa: mai nauyi na komawa ƙasa, mai sauƙi na zama a sama.

Aikin bai tsaya ba. A ƙarƙashin tudun da ya haɗa Bolibiya da Cile da Ajantina, inda kaurin ɓawo ya kai kilomita 70, awon girgiza ya gano wani yanki mai faɗin kusan kilomita 200 wanda wani sashensa a narke yake, ƙwayoyi da magma a cuɗe kamar kunu mai kauri. Dutsen Uturunku da ke samansa ya yi shekara wajen 250,000 bai yi aman wuta ba, amma daga 1992 taurarin ɗan'adam suka fara ganin ƙasar wurin tana tashi, a farko da kusan santimita ɗaya a shekara. Batolit ne ake ginawa. Ruwan da irin wannan magma ke fitarwa idan ta zo daskarewa kusa da sama, mai gishiri da farar wuta, shi ke ɗauko tagulla ya zuba a tsagin dutse. Daga nan mahaƙar Chuquicamata da Escondida da El Teniente suka samu, kuma da su da ire-irensu Cile ke fitar da kusan rubu'in tagullar duniya. Can gabas a Bolibiya, inda magma ta haɗiye tsohuwar laka oksijin ɗinta ya ragu, kuza aka samu.

Wannan ilimi ya ba da damar karanta tsofaffin duwatsun Afirka ta Yamma. A 1911 J. D. Falconer ya raba giranait ɗin Arewacin Nijeriya gida biyu, tsoho da sabo, rabon da har yau ake aiki da shi. Tsohon, irin na dutsen Kufena a Zariya, ya samu ne wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wata teku ta rufe tsakanin tsohuwar ƙasar Afirka ta Yamma da yankunan da ke gabas da ita. A tsaunukan Adrar na Ifogas a Mali an gano batolit na wannan zamani wanda farkonsa irin na Andis ne. Na Nijeriya da yawansu lokacin karon nahiyoyin da bayansa suka shigo, amma suna ɗauke da tambarin nan na ƙarancin niyobiyam. Sabon giranait kuwa, na Jos da Riruwai da Kudaru, ya fito ne tsakanin kimanin shekara miliyan 210 da 140 da suka wuce, a tsakiyar nahiya, babu farantin da ke nutsewa a ƙarƙashinsa; danginsa na tsaunukan Azbin a Nijar sun girme shi. Sinadaransa sun nuna haka, domin niyobiyam ɗin da giranait ɗin bakin nahiya ya rasa shi ne ya taru a cikinsa har ya zama ma'adinin kwalambait, wanda ake samu tare da kuza. A farkon shekarun 1950, mafi yawan kwalambait ɗin da duniya ke saye daga wannan giranait na Nijeriya yake fitowa.